Iya Ruwa Fid Da Kai, Amma Ina Ruwan, Kuma Nawa Ne Kuɗinsa?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, mun sani tun kafin a kai ƙarshen wannan shafi wani zai taɓe baki ya ce, "Jama'a na fama da tsadar gero da kuɗin makaranta da rashin tsaro, su kuwa waɗannan maganar wanka ce ta dame su." Mun ji, kuma za mu ba shi amsa idan mun zo wurin. Abin da muke roƙonsa kawai shi ne ya yi haƙuri ya biyo mu, domin maganar da muka ɗauko ta rai ce da lafiya, kuma ta ƙannenmu ce da muka baro a gida.

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi a cikin watan Agusta, ya san abin da idonsa ke gani dama da hagu. Kududdufai ne cike fal, da ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini ko ta aikin hanya aka bar su a buɗe, ga yara sun tuɓe riguna sun ajiye a bakin ruwa suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Da bazara kuwa, sa'ad da zafin Afrilu ya hana kowa sakat, sai a koma bakin dam. Saboda haka kada wani ya tsaya yana muhawara a kan ko ya kamata yaranmu su yi iyo ko bai kamata ba. Suna yi tun tuni, da izininmu da ba da izininmu ba. Abin da ya rage a tambaya shi ne: a wane irin ruwa suke yi, wa ya koya musu, wa yake tsaye a kansu, kuma me suke biya?

Kuɗin ruwan da ake ce wa kyauta

Ana cewa ruwan kududdufi kyauta ne, tun da ba mai karɓar ko kwabo a bakinsa. Mu kuwa a lissafinmu babu ruwan da ya kai shi tsada, sai dai ba da naira ake biya ba.

Biya na farko shi ne tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙwayar wannan cuta tana girma ne a jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa mai zama a ruwan da ba ya gudu sosai. Idan ta fito daga jikin katantanwar sai ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, ba sai ya sha ba, ta bi jini ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Yaron da ya kamu ya koma ya yi fitsari a ruwan, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya sake neman katantanwa, haka abin ke ta zagayawa. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta a duniya. A nan ƙofarmu ma, wani bincike da aka buga a 2016 kan ɗaliban ƙananan sakandare na ƙananan hukumomi biyu da ke kewaye da dam ɗin Zobe ya samu sama da kashi 20 cikin 100 ɗauke da ita, kuma maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, domin su ne masu shiga ruwa. Abin takaici, har yanzu akwai masu ɗaukar jinin nan a matsayin alamar balaga ga ɗa namiji. Alhali kuwa cuta ce da ke shanye jinin yaro, ta dakushe masa karatu, in ta daɗe ta lalata mafitsara da ƙoda, har takan kai ga sankarar mafitsara, ga mata kuma takan taɓa mahaifa. Akwai maganinta, wanda ake kira praziquantel, ana kuma raba shi a makarantu. Amma yaron da ya sha magani yau ya koma kududdufi gobe, ai ɗinkin ɓarawo aka yi.

Biya na biyu ya fi na farko ɗaci, domin shi ba a dawowa daga gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, galibinsu a ƙasashe matalauta, kuma yara da matasa su ne kan gaba. Rahoton da ta fitar a 2024 ya nuna cewa daga shekarar 2000 mutuwar ruwa ta ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, amma a nahiyarmu ta Afirka da kashi 3 kacal ta ragu. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Gaskiya ne lodi ya yi yawa, kuma babu rigunan ceto, iya iyo ba ya maye gurbin waɗannan. Amma yaron da aka koya wa ya kwanta rigingine a kan ruwa ya riƙe numfashinsa yana da 'yan mintocin da zai jira mai ceto, wanda ba a koya wa ba kuwa ba shi da su. Nutsewa ba ta da hayaniya, ba ta kuma jira. Cikin minti huɗu zuwa shida ba numfashi, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Idan haka ta faru a unguwa sai ka ji ana cewa ai 'yan ruwa ne, kowace shekara sai sun ɗauki mutum. Mu dai abin da muka sani shi ne ramin da aka haƙa da katafila bakinsa a tsaye yake kamar bango, taku ɗaya ne tsakanin ruwa iya gwiwa da ruwan da ya shanye ƙato, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Wanda ya haƙa ramin ya tafi da ƙasarsa ya bar shi a buɗe yana da suna, yana da kwangila, kuma an biya shi. Kada a ɗora wa aljanu laifin ɗan'adam.

Kuɗin ruwan da ake saye

To, mu juya ga ɗaya ɓangaren. A ce wani ɗalibi a Dutsin-Ma, ko wani magidanci a Kurfi, ya yi niyyar yin abin da ya dace, ya nemi ruwa mai tsabta ya koyi iyo ko ya koya wa ɗansa. Ina zai dosa? Muna ƙalubalantar duk wanda ya san wani kwamin ninkaya na jama'a a wannan yanki, wanda ɗan talaka zai shiga da kuɗin da bai wuce na kwanon abinci ba, ya kuma tarar da malami mai koyarwa, da ya zo ya kama hannunmu ya kai mu. Wuraren ninkaya a Arewa, tun zamanin da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu unguwanni da kulob-kulob, bayan katanga suke. Turawa sun tafi, katangar ta tsaya, sai dai yanzu ta manyan otal-otal ce da gidajen masu hannu da shuni.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. Iyo ba a koyonsa da zuwa ɗaya ranar Sallah, sai an juri zuwa, a ce sau 2 a mako, wato sau 8 a wata. Daga Dutsin-Ma zuwa birnin Katsina tafiyar kimanin kilomita 60 ce. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, kuɗin shiga naira 3,000 ne, kuɗin mota zuwa da dawowa har da na ɗan acaɓa naira 4,000. Kowace tafiya ta ci naira 7,000, a wata kuwa naira 56,000, ba a sa ladan mai koyarwa ba, ba a sa kayan wanka ba, ba a sa rabin yinin da aka ɓatar a hanya ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Kuɗin ɗawainiya da asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara bayarwa a wannan shekarar naira 20,000 ne a wata. Wanda ya ga mun tsawwala a misalinmu ya raba shi biyu, zai samu naira 28,000, har yanzu ya zarce abin da ɗalibi ke ci da sha da shi. Mutumin Kurfi ya fi kusa da birni, kuɗin motarsa ya ragu, amma manomin da ke da 'ya'ya biyar sai ya ninka kuɗin shiga sau biyar.

Ba mu ce masu otal azzalumai ne don sun sa kuɗi ba. Kwamin ninkaya dabba ce mai ci kullum. Dole injin tacewa ya yi ta juya ruwan sa'o'i da yawa a kowace rana, in babu wutar lantarki sai janareta, kuma kowa ya san inda farashin mai ya nufa tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Ga sinadarin kulorin da ake saye da tsada, ga albashin mai shara da mai gadi da mai ceto, ga ƙurar hunturu da ke toshe matata. Ɗan kasuwa ba zai ɗauki wannan nauyi don Allah da Annabi ba, sai ya fanshe a jikin mai shiga. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa muke cewa ba aikin kasuwa ba ne. Abin da kowane yaro ke bukata don tsira da ransa, amma kasuwa ba za ta iya sayar masa da shi a farashin da ubansa zai iya biya ba, aikin hukuma ne, kamar allurar rigakafi da rijiyar burtsatse.

Kafin ka miƙa kuɗinka

Akwai daga cikinmu waɗanda Allah ya hore wa, ko waɗanda za su haɗa kuɗi su je hutu. Gare su muna da nasiha, domin ba kowane ruwa mai launin shuɗi ne lafiyayye ba, kuma araha ba ta ado.

Ka tsaya a bakin kwamin ta wajen da ya fi zurfi ka duba. In ba ka hango ƙasansa sarai ba, ka riƙe kuɗinka, domin ruwan da ya ɓoye daɓensa zai ɓoye yaron da ya nutse. Ka saurara ka ji ko injin tacewa na aiki, ka sa hannu a inda ruwa ke fitowa ka ji motsinsa. Ka tambayi mai kula da wurin yaushe ya auna ruwan, ka ce ya nuna maka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kulorin ya kasance tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH kuma tsakanin 7.2 da 7.8. Kada warin magani mai ƙarfi ya ruɗe ka ka ce tsabta ce. Wannan wari mai sa ido ja yana tasowa ne idan kulorin ya gauraya da gumi da fitsari, alama ce ta ruwan da ya gaji. Ka duba ko an rubuta zurfin kowane sashe a bango, ko akwai sashe marar zurfi da ɗan koyo zai tsaya ƙafarsa a ƙasa, ko akwai wayar lantarki a sake kusa da ruwa. Sannan ka nemi mai ceto: mutum ne da ya iya ruwa, wanda ba shi da wani aiki sai kallon masu wanka? In shi ne kuma mai sayar da lemo da karɓar kuɗi a ƙofa, to wurin ba shi da mai ceto. Mai gudawa kada ya shiga, domin akwai ƙwayoyin cutar ciki da ke yin kwanaki a ruwa kulorin bai kashe su ba. 'Yan'uwanmu mata su tambaya ko akwai ranar da aka keɓe musu, da mace mai koyarwa, da katangar da ta tsare idon jama'a. Daga ƙarshe, kada a ruɗe ka da kuɗin shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin hunturu zai hana ka shiga, ka biya watanni uku a banza. Ka biya na wata, a watannin zafi, ka kuma juri zuwa.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Abin da ya fi ci mana rai shi ne duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da Allah bai hana ruwa ba. A kudu da garin Dutsin-Ma ga dam ɗin Zobe nan a kan kogin Karaduwa, wanda aka kammala a 1983 zamanin marigayi Shugaba Shehu Shagari, mai iya riƙe sama da lita biliyan 170. Sai a watan Yuli na 2021, bayan shekara 38, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da kashin farko na aikin kai ruwansa ga jama'a. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama dam ɗin ya yi furfura a gemu kafin a buɗe famfon.

Nawa ne ruwan da kwamin koyo ke bukata? Ba irin na gasar Olamfik muke nema ba, mai tsawon mita 50 da ke cin lita miliyan biyu da rabi. Kwami mai tsawon mita 25, faɗin mita 10, zurfin mita 1.2, lita 300,000 yake ci, wato jarka 12,000 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Zobe in ya cika zai cika irin wannan kwami sau fiye da rabin miliyan. Kuma ba kullum ake zubarwa a sake ba, tacewa ake yi ana mayarwa, sai ɗan ƙari saboda abin da rana ta sha. Ruwan da aka tace aka sa masa kulorin a kwamin siminti, inda katantanwa ba ta da wurin zama, ba ya ba da tsargiya. Rana kuwa da ke ƙona mu tun daga Maris ita ce za ta juya injin tacewa in an kafa faranti masu kama haskenta.

Wanda ya ce talauci ne ya hana mu, ya dubi Bangladash, ƙasar da ruwa ke cinye mata yara fiye da kima. A can an ɗauki shiri mai suna SwimSafe, aka kafa dakali da shinge na gora a cikin tafkunan ƙauye, aka horar da matasan ƙauyen su zama malamai, aka koya wa dubban ɗaruruwan yara su yi iyo mita 25 su kuma tsaya a kan ruwa daƙiƙa 30. Mu ba za mu kwafi tafkinsu ba saboda tsargiya, amma darasin ya fito fili: ba sai da marmara da fitilu masu launi ake koyon tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa koya wa yara 'yan makaranta iyo a cikin manyan matakan hana nutsewa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2021 ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunawa da wannan masifa. Ranar tana faɗowa ne daidai lokacin da kududdufanmu ke cika.

Amsa ga masu suka

Yanzu mun zo kan ɗan'uwanmu mai taɓe baki. Ya ce akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Mun yarda yunwa da tsaro suna gaba. Amma tun muna firamare ake gaya mana a bari sai an gama da babbar matsala, babbar matsala ba ta ƙare ba, ƙananan kuma suna ta binne mana ƙanne. Uwar da aka kawo mata ɗanta a kan tabarma daga bakin rami ba za ta yarda cewa matsalarta ƙarama ce ba.

Wani zai ce al'adar Nasara ce, kuma hanyar tsiraici. Wannan ya manta da tarihinsa. Kakanninmu da gora suke ƙetare gulbi, muna da Sarkin Ruwa da masunta, kuma a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, ana gasar iyo da nutso a gaban sarakuna. Malamanmu ma sun sha gaya mana cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Maganar tsiraici kuwa maganar tsari ce: katanga, ranar maza daban, ranar mata daban, da suturar da ta rufe jiki. Ruwa ba ya tambayar mace ce ko namiji kafin ya ci, kuma 'yan mata ne aka fi bari ba su iya ba.

Wani kuma zai kawo karin maganar nan cewa gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Gwanin da ya koya da ka a kududdufi, ba wanda ya nuna masa iyakarsa, shi ne ruwa kan ci. Koyarwa ta gaskiya tana farawa ne da sanin inda ba a shiga, da yadda ake ceton wani ba tare da an faɗa ba, ta hanyar miƙa masa sanda ko jefa masa jarka marar komai ɗaure da igiya. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya nutse da ta abokinsa da ya bi shi da zuciya ɗaya.

Abin da muke nema

Na farko, Dutsin-Ma gari ne na ilmi, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Muna kira da a nemi kuɗi daga asusun TETFund a gina kwamin koyo guda ɗaya marar zurfi, mai aiki da hasken rana, a buɗe shi ga ɗalibai da yaran gari a kan kuɗi kaɗan, 'yan firamare kuwa kyauta. Na biyu, a horar da masu karatun ilmin motsa jiki, maza da mata, su zama malaman iyo da masu ceto, domin malami ɗaya da ya fita da wannan sani ya ishi gunduma. Na uku, majalisun ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su ƙidaya ramukan da ke cikin garuruwansu, su cike na cikewa, su killace na killacewa, su kuma sa a cikin kowace kwangila cewa wanda ya haƙa shi zai cike kafin a biya shi sauran kuɗinsa. Na huɗu, muna roƙon iyayenmu, Yandakan Katsina Hakimin Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi, da limamanmu, su sa baki a faɗa wa jama'a cewa fitsarin jini cuta ce mai magani.

Na biyar kuwa namu ne, kuma ba ya jiran kasafin kuɗin kowa. Ƙungiyar ɗalibai tana karɓar kuɗinmu kowane zango. Maimakon a ƙarar da shi a liyafa da buga riguna, a ware wani abu a ɗauki hayar mota da malami, a yi ciniki da wani wurin ninkaya a farashin jumla, a fara da mutum 20 waɗanda za su dawo su koya wa wasu. Idan hutu ya zo, kowannenmu ya je makarantar firamaren unguwarsu ya nemi izinin hedimasta ya yi wa yara bayanin rami da katantanwa da jarka da igiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma damina ba ta jiran kowa. Allah ya tsare mana ƙannenmu, ya kuma ba shugabanninmu kunnen ji, amin.